Saura Izu Goma Sha Tara

Aujara, 9 ga Rajab, 1421

Zuwa ga ɗana Likita Talha, a Ingila.

Ka yi mini afuwa, ɗana, da zan ɗora maka karatun wannan takarda bisa aikin da ya riga ya yi maka yawa. Ba halina ba ne damun mutum, kuma ni da kai ba mu saba wasiƙa ba. Kwana goma sha biyu na yi ina cewa bari in haƙura, haƙurin ya ƙi zama.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, da sanyin da ake cewa ƙasar nan tana da shi. Mu nan alhamdu lillahi. An gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai. Gwiwar yayana Malam Yahuza ta yi sauƙi, har yana zuwa Dutse zaman kwamitin malamai da aka sa shi a ciki tun da aka ƙaddamar da shari'a. Matarsa Iyatu tana gaishe ka, ta ce ko har sun koya maka cin tuwo da cokali.

Za ka ga ajamina ya koma kamar sawun kaza a kan toka. Ba laifin hannuna ba ne, biro ne. A wajen Iyatu na ara, domin alƙalumana ba sa wurina. Dalilin takardar ke nan.

Ka tuna farkon damina da ka zo asibiti a Dutse da na'urarka, ka aiko cewa kana son ganin duk wanda ya fito daga tsatson mahaifina Alaramma Gwadabe, Allah ya jiƙansa, saboda karkarwar da ya yi fama da ita kafin ya cika. Mu tara muka je. Ni ban so zuwa ba, amma kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma shekara biyu ka yi a gidanmu kana wanke allo a gindin durumi, ba zan ƙi kiranka ba. Ka sa ni na goge kwallina. Ka shimfiɗa mini wani zare mai sirantar gashi a fatar ido ta ƙasa, ka ce in kafe idona a kan gilashi mai gida-gida fari da baƙi kamar filin dara, farin yana komawa baƙi, baƙin yana komawa fari. Na kalla har ƙwalla ta zubo. Na tambaye ka me ka gani, ka ce sai ka koma ka yi nazari. Na ce to.

Wata huɗu ban ji komai ba. Ran nan da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina, na kai tsakiyar Suratu Luƙmanu, sai ga Yaya Malam da takarda mai hatimin ƙasarku a hannu. Ya ce, "Zuwaira, kawo alƙaluman nan." Na ce, "Lafiya, Yaya Malam?" Ya ce, "Lafiya lau. Hutu za ki yi." Na ce ban ce na gaji ba. Ya ce, "Likita ya ce hannunki ya kusa tafiya hanyar na Baba. Ba a wasa da littafin Allah." Ya kwashe alƙaluma bakwai, da kuttun tawada uku, baƙa da ja da ruwan ɗorawa, da farar takardar da ta rage. Abin da na riga na rubuta kawai ya bar mini a gafaka. Ya ce in an kwana biyu zai nemi wani mai hannu ya ƙarasa.

Ban ɗaga murya ba, ka san ni. Na miƙa hannuna biyu a gabansa na ce ya duba. Ko gashin kaza aka ɗora a kai ba zai motsa ba. Ya ce shi ba likita ba ne.

Talha, shekara biyu da wata uku nake kan wannan Alƙur'ani. Izu arba'in da ɗaya na rubuta da ka, saura goma sha tara. Na yi niyyar wakafinsa ga matan da ke ɗaukar karatu a wurina. Takardarka an hana ni gani, an ce ta maza ce. Idona ka auna, ba nasa ba. Ka gaya mini abin da ka rubuta, da abin da zaren nan ya gaya maka. Ka aiko ta akwatin gidan waya na Isah akawu, ɗan garinmu da ke aiki a Dutse, yana zuwa gida duk Juma'a.

Gwaggonka,
Zuwaira Alaramma

*

Ingila, 6 ga Nuwamba, 2000

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba Malam da Inna Iyatu. Ki ce mata har yanzu da hannu nake ci, tuwon ne dai babu. Muna lafiya, sai tari da ya kama ƙaramar 'yata, ya kuma sake ta.

Sau uku na karanta takardarki, kuma kunya ta kama ni. Na rubuta wa Baba Malam ne saboda shi ne babba a gida, na ga kamar rashin ladabi ne in tsallake shi. Ga abin da na ce, ba ragi ba ƙari: amsar idon Gwaggo ta fi ta sauran rauni, a riƙa lura da hannunta, kada ta wahalar da shi. Ban ce a karɓe alƙalami ba. Ban kuma ce kina da ciwo ba.

Bari in bayyana miki yadda abin yake. A can bayan ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa. Duk lokacin da haske ya taɓa shi, yakan fitar da 'yar wutar lantarki wadda ba a ji a jiki, ita ce saƙon da ke tafiya ƙwaƙwalwa. Zaren da na sa miki ita yake saurare, na'urar kuma ta zana ta a takarda kamar tudu da kwari. Ciwon da Alaramma ya yi, wanda a nan ake kira Fakinsan, yana zuwa ne idan wani sinadari ya ragu a ƙwaƙwalwa. To wannan sinadarin akwai shi a tantanin ido ma. Abin da muke bincike shi ne ko idon yakan riga hannu nunawa, yadda ganyen kuka kan kaɗe tun rani bai kankama ba. A cikin ku tara, takwas tudunsu ya tashi sosai. Naki gajere ne, kuma ya makara kafin ya tashi.

Amma Gwaggo, bincike ne, bai zama hukunci ba tukuna. Akwai masu gajeren tudu da suka tsufa hannunsu bai taɓa rawa ba. Shi ya sa nake roƙon ki amsa mini tambaya biyu. Ta farko, ko kin lura rubutunki yana ƙanƙancewa, musamman wajen ƙarshen layi? Ta biyu, ko launin ruwan ɗorawa ya fara yi miki wuyar gani a kan farar takarda?

Game da alƙaluma, zan iya rubuta wa Baba Malam. Sai dai in faɗi gaskiya, a matsayina na likita ban ga aibu ba idan kin ɗan huta. Izu arba'in da ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, kuma lada ba ya raguwa don wani ya ƙarasa. Allah yana duba niyya.

Ɗanki,
Talha

*

Aujara, 20 ga Ramadan, 1421

Ɗana Talha,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, in kuna samun yadda za ku gane faɗuwar rana a can. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Mu ma lafiya, sai Yaya Malam da azumi ya rage masa fara'a, wadda da ma ba ta da yawa.

Na ji bayaninka na tudu da kwari, na kuma gode. Ban gode da fatawar ƙarshe ba. Cewa Allah yana duba niyya, a kan cinyata ka fara jin wannan hadisi kana ɗan shekara shida kana kukan gida. Kada ka sayar mini da abin da na ba ka kyauta.

Tambayoyinka biyu ba zan amsa ba. Ka ɗora mini zare na minti goma an kwashe mini alƙaluma, in na amsa tambaya kuma ban san abin da za a kwashe ba.

Na karanta wa Yaya Malam takardarka. Sai ya ce in rufa masa asiri kada maganar na'urar nan ta fita waje. Wai yanzu da ake kama masu bugun ƙasa, in aka ji ɗan kwamiti ya kai iyalinsa an faɗa musu ciwon da bai zo ba, da wane ido zai kalli mutane? Na ce, "Yaya Malam, in tambaye ka don ilimi?" Ya ce, "Ina jin ki." Na ce, "In bugun ƙasa ne, haramun ne a gaskata shi, to ba ni alƙalumana. In kuma ba bugun ƙasa ba ne, me ake ɓoyewa?" Iyatu tana tankaɗe a gefe, ta saki dariya har gari ya tashi. Ya ce mata, "Ke kuma tankaɗe aka sa ki ko alƙalanci?" Ya juyo gare ni ya ce rigakafi ya fi magani. Na ce ban taɓa jin an yi wa mutum rigakafin yunwa ta hanyar kwashe masa rumbu ba. Ya shiga takalmansa ya fita. Allah ya yafe mini, yayana ne, kuma azumi nake.

Yanzu zan gaya maka abin da ya sa wani ba zai ƙarasa mini ba. Ban taɓa faɗa wa mahaluki ba, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ka san yadda ake aikin a gidanmu. Mai rubutu shi ke yin baƙi, sannan a bi da jan wasali, a ƙarshe a ɗiga hamza da ruwan ɗorawa. Tun ina 'yar shekara goma ni ke yi wa Baba ja da ɗorawa. Da mijina ya rasu na dawo gida, na tarar hannun Baba ya fara. Lokacin Yaya Malam yana gabas wajen karatu. Baba yakan riƙe alƙalami, tawada ta ɗiga kafin ya kai takarda. Wata rana ya dube ni ya ce, "Zauna nan." Daga ranar, shi yana karantawa, ni ina yin baƙi. Alƙur'ani uku muka gama a haka. A ƙarshen kowanne, inda mai rubutu ke sa sunansa ya roƙi addu'a, ni da hannuna na rubuta cewa Gwadabe ɗan Muslim ne ya rubuta shi. Sau uku, Talha. A shafin da ke bin Suratun Nasi.

Baba bai yi don zalunci ba. Tsoro ya ji kada a ce Alaramma ya ƙare, makaranta ta watse, kuma wa zai karɓi Alƙur'anin mace a wancan lokaci? Ni ma ban ƙi ba. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, duk sanda na tuna shafukan nan uku sai abinci ya fita raina. Ba suna nake nema ba, wa ya san Zuwaira in an wuce ƙasarmu ta Jahun? Guda ɗaya nake so in bari wanda daga Fatiha har layin ƙarshe babu ƙarya a cikinsa. In wani ya rubuta izu goma sha tara, me zan sa a ƙarshe? Sunana, in sake ƙarya? Sunansa, in sa shi ya yi?

Kada ka rubuta wa Yaya Malam. Rubutunka gare shi ya isa haka. Maganar gidanmu ni zan yi ta.

Gwaggonka,
Zuwaira

*

Ingila, 15 ga Janairu, 2001

Gwaggo,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, da fatan an yi ta lafiya. Muna lafiya.

Wata biyu ke nan ban ga amsarki ba. Kullum sai na duba akwati. Na ce wa kaina wataƙila shirun alheri ne, kin duba shawarata kin ga ta yi, kin ajiye aikin kin huta. In haka ne na ji daɗi, hankalina ya kwanta. Na san ki da haƙuri da biyayya tun ina yaro, na san ba za ki ja da Baba Malam ba.

Tambayoyin nan biyu dai har yanzu ina jira. Ko Inna Iyatu ce ta duba miki ta faɗa. Akwai magani mai rage karkarwa in ta zo, kuma ana samunsa a Kano, amma ba a fara shi sai an tabbatar.

Ɗanki,
Talha

*

Aujara, 21 ga Zulhajji, 1421

Ɗana Talha,

Assalamu alaikum. Barka da Babbar Sallah. Muna lafiya, zafi ya fara shigowa, rijiyar gida ta yi ƙasa. Ina fatan kai da iyali kuna cikin alheri.

Takardata ta azumi wata guda ta yi a aljihun teburin Isah, ya tafi hutu ya manta da ita. Ina zaton yanzu ta same ka, ka kuma ga irin shirun da na yi. Da na karanta inda ka ce ka san ni da biyayya, na ba Iyatu labari, ta ce, "Wayyo yaro, bai san ruwan da ba ya ƙara shi ke cin mutum ba." Ban yi fushi ba. Na dai ƙi amsawa sai ina da abin faɗa a hannu. Yanzu ina da shi.

Na ce ba zan amsa tambayoyinka ba, kuma ban amsa maka ba. Amma tambaya in ta shiga kunne ba ta neman izini. Bayan Ƙaramar Sallah na fitar da gafaka tsakar gida da rana tsaka, na ɗauko shafi daga Baƙara, na ɗauko daga Ankabutu, na jera su a kan tabarma. Na auna alifi da tsinken tsintsiya. Talha, ya ragu. Daga Suratu Maryam ya fara, a hankali, yadda ban ji ba. A Baƙara kalma bakwai ke cika mini layi, a Ankabutu har tara suna shiga. Sai na kira Iyatu, ita ba ta haddace ba amma idonta garau, na ce duk inda ta ga ɗigon ɗorawa ta sa yatsa. Kwana biyar muna yi. A Namli da Ƙasas mun samu wuri huɗu da na ɗiga hamza sau biyu saboda ban ga ta farkon ba, da wuri biyu da ban ɗiga ba sam ina zaton na yi. Kuskure shida a littafin Allah, da hannuna.

Ga amsarka, duka biyun i ne.

Iyatu ta ce, "Ki kankare ki gyara, wa ya gani? Ni dai makauniya ce daga yau." Na ce mata da wannan dabara aka yi shafuka uku da suka hana ni sakat, ba ta gane ba, ban kuma bayyana ba. Na ga in na ɓoye, Yaya Malam ya yi gaskiya da ya karɓe alƙaluma. In na faɗa masa shi kaɗai, ya samu hujja. Sai na shiga mota ranar kasuwa na tafi Buji wajen Gwani Muntaka. Ba lallai ka tuna shi ba, tsoho ne mai gajeren gemu, abokin karatun Baba, shi ke bitar duk Alƙur'anin da ya fita daga gidanmu kafin a ɗaure shi. Na roƙe shi ya zo. Yaya Malam bai san na je ba sai da ya ga baƙo a zaure.

Aka shimfiɗa buzu. Na zauna daga bakin ƙofa, na ajiye shafukan, na nuna wuraren shida da kaina tun kafin a tambaya. Na faɗi maganar na'ura, da ta tudu, da ta alifi. Yaya Malam ya ce, "To Allah gafarta Gwani, ka ji da kunnenka. Ni aka mayar azzalumi a gidan nan." Gwani bai kula shi ba. Ya kai shafi kusa da hancinsa yana bi da yatsa, ya fi rabin sa'a. Can ya ce, "Yahuza, a wane littafi ka karanta cewa ƙaramin alifi ba alifi ba ne?" Yaya ya ce ba a littafi ba ne, tsoron gaba ne. Gwani ya ce, "Gaba ta Allah ce. Ni abin da ke kan takarda aka kira ni in duba. Baƙin nan babu harafi ɗaya da ya kauce. Ɗorawar ce ta ci amanarta."

Sai na ga in ban faɗa a ranar ba, ba zan ƙara samun rana ba. Na ce, "Allah gafarta Gwani, akwai wata magana a kan ukun ƙarshe na Baba." Ya ɗaga hannu ya ce, "Harafin wawu na mahaifinki wutsiyarsa a miƙe take, naki a naɗe. Shekara arba'in ina duba rubutunsa, kina zaton tsufa ya sa ya koyi naɗe wutsiya? Na gani tun a shafin farko. Na yi shiru don abokina, ke kika ɗauki nauyin, mu duka Allah ya yafe mana." Yaya Malam ya dube ni, ya dubi Gwani. Ya ce, "Har da wanda ke masallacin Juma'a?" Gwani ya ce, "Wanda kake jan baƙi da shi duk azumi, shi fa." Yayana ya ɗauki shafi ɗaya ya ƙura masa ido. Ban ji daɗi ba, wallahi, tausayi ya ba ni.

Hukuncin Gwani shi ne a gyara shidan. In ci gaba da baƙi, duk izu in aika masa ya duba, ranar da ya ga harafi ya kauce shi da kansa zai ce in tsaya. Ja da ɗorawa kuwa kada in ƙara taɓawa. Yaya ya ce to wa zai yi? Gwani ya ce, "Wanda kuttun ke ɗakinsa." Yaya ya ce, "Ni? Da gemuna, ina zama da manya a Dutse, in koma ɗan wasalin ƙanwata?" Gwani ya ce, "Ita shekara nawa ta yi tana baƙin ubanka ba ta ce komai ba? Kawo mini ruwa in sha, ka cika surutu."

Sati uku Yaya bai yi mini maganar ba, gaisuwa kawai. Ni ma ban roƙa ba. Na yanko gamba a bayan gari na fara feƙe sababbin alƙaluma a inda zai gani in ya wuce. A ƙarshen Zulƙida Iyatu ta shigo da takarda da alƙaluma bakwai da kuttun baƙa, ta dire ta ce, "An ce in kawo, ba a ce in ce komai ba." Ja da ɗorawa ba su dawo ba. Na ƙarasa Luƙmanu, na yi Sajada, na shiga Ahzabu. Shekaranjiya ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon bango, ya ce, "Waɗanda suka bushe a miƙo." Na miƙa. Iyatu ta ce ta gan shi a zaure ya juya wa ƙofa baya, harshe a waje kamar sabon almajiri a kan allo, yana ɗiga hamza.

Saura izu goma sha takwas. A ƙarshe zan rubuta cewa Zuwaira 'yar Gwadabe ta yi baƙinsa, izu arba'in da ɗaya ta yi launinsu, sauran Yahuza ɗan Gwadabe ya yi. Na gaya masa, ya ce in cire sunansa, na ce ba a cire gaskiya.

Yanzu ga abin da babu wanda ya sani sai kai. Ranar Arfa da la'asar ina zaune na ɗora hannu a cinya, ba na komai, sai babban yatsana na dama ya fara motsi shi kaɗai, kamar mai jan carbi. Na kalle shi yana yi. Na san wannan motsi, shekara takwas na yi ina kallonsa a hannun Baba. Da na ɗauki alƙalami ya tsaya. Sau biyu ya sake yi tun daga nan, duk a lokacin da hannun ke zaune ba aiki. Gwani zan gaya masa in na kai izun nan, domin sharaɗinmu ke nan. Amma kai ne mai ilimin abin.

Kwana ashirin nake yi a izu guda in ban yi gaggawa ba, kuma ba a gaggawa a wannan aiki. Ka lissafa, shekara guda ke nan cif. To ka duba tudunka da kwarinka, ka haɗa da abin da na faɗa maka, ka gaya mini: hannun nan zai kai ni shekara yana riƙe layi? In zai kai, in tafi yadda nake. In ba zai kai ba, in ba wata daga cikin manyan ɗalibaina karatun mata na safe, in mayar da izu kwana goma sha biyu. Maganin nan na Kano kuma, ka faɗi sunansa, da wanda zan gani, da ko yana sa barci ko dishin ido, domin in yana yi sai in san lokacin da zan sha.

Na san za ka ce sanin gaibu sai Allah. Haka ne, ni na koya maka. Ba gaibu na tambaye ka ba, ƙiyasin likita na tambaya, irin wanda manomi ke yi in ya dubi hadari. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, zan karɓa. Kada dai ka lallashe ni, kada ka ce in huta, hutu yana nan zuwa mai tsawo.

Ka sa sunana a bayan ambulan, ba na kowa ba. Na ja wa Isah kunne, ba zai ƙara mantawa ba. Don Allah ka amsa mini da wuri, a ranar da wannan ta same ka in da hali.

Gwaggonka,
Zuwaira